Goɗiyar da ke Gudun Kaki

Har yau ban manta da ranar da Bidi ta kusa karya mini wuya a hanyar Garou ba. Tun da kuka fara aiki da mu kuke tambayata dalilin da ya sa ake rataye tsohuwar rigar kaki a kusa da turken kowane sabon doki, wasunku ma suna zaton magani ne. Ba magani ba ne. Ku zauna ku ji.

Ga wanda bai san aikinmu ba, mu 'yar ƙungiya ce a nan Malanville da ke karɓar dawakin da hukuma ta kama ko waɗanda masu su suka yasar. Doki in ya zo, Likita, wato shugabanmu, shi ke fara yi masa jinya a nan cikin gida. In ya warke sai a kai shi riƙo wurin wani makiyayi da muka yarda da shi, ya yi ƙiba, ya sake sabawa da hannun mutane, ni kuma ina zuwa ina hora shi. Daga nan sai gwaji a gaban Likita da wakilin hukumar da ta kama dokin. In sun sa hannu, a ba wanda ya nemi riƙonsa na dindindin. In suka ce dokin yana da haɗari, sai ya koma hannun hukuma a yi gwanjonsa. Kun kuwa san masu zuwa gwanjon doki mai mugun suna: ko mahauta masu lodin dabbobi zuwa kudu, ko mutanen da aka ƙwace shi daga hannunsu su aiko wani ya saye musu.

Bidi goɗiya ce, sunan launinta muka sa mata. Ma'aikatan duwan, wato kwastan, su ne suka same ta da farkon damina ta kafe cikin laka a wata fadama kusa da gulbi, da jarkokin mai ɗaure a bayanta, mai ita ya arce. Da aka sauke kayan, gadon bayanta duk miki ne, ƙudaje sun yi masa baƙi. Bayan jinya muka kai ta Toumboutou wurin Baba Altine, dattijon makiyayi da ya daɗe yana yi mana riƙo. Ban taɓa horar da dabba mai sauƙin kai kamarta ba. Jikokin Baba Altine suna shiga ƙarƙashin cikinta suna fita. Na tayar da babur ɗin kabu-kabu a kunnenta, ko gezau. Na kaɗa mata buhu, na saka ta cikin shanu, na ɗaura mata amalanke, duk ta ɗauka. Har mun sami mai karɓarta, Malam Hamani, wani manomin shinkafa da albasa a Garou wanda gwiwoyinsa suka fara gajiya da keke. Ni kuwa sai yawo nake ina cika baki, ina cewa gwajin Bidi shan ruwa ne.

Ranar da nake ba ku labari, na ɗaura mata amalanke don in gwada ta a hanyar da za ta riƙa bi zuwa kasuwa. Tafiya muke lafiya lau har muka doshi shingen duwan. Wani ƙaton ma'aikaci, Shef Biyo, ya fito daga inuwa da usur a baki, ya ɗaga hannu. Abin da na sani ke nan. Bidi ta yi wata irin haniniya, ta miƙe a kan ƙafafun baya, ta juya da amalanken ta faɗa gonakin gefen hanya. Ni ta zubar da ni cikin kwalbati, amalanken kuma ta bar shi guntu-guntu a bayanta.

Ina kwance ina lalubar haƙarƙarina sai ga takalman Shef a gaban idona.

"Kai, mai doki, ka mutu?"

"Ban mutu ba, Shef."

"To tashi ka bi dabbarka. Amma ka sani, ba shinge ta gani ba, ni ta gani. Aikin 'yan hwasa-ƙwabri na. Su sami mutum su sa mishi kaki da hula, shi riƙa zuba ma doki bulala shina busa usur, har dokin shi san in ya ga kaki, gudu shi ne rai. Ran da munka tare su, mai kaya shi sulale, doki shi kai kaya gida."

Nan take na tuna cewa wakilin da zai zo gwaji ma da kaki zai zo. Na same ta can bakin wata gona, jikinta sharkaf da gumi, tana makyarkyata kamar mai zazzaɓi. Da ta gan ni sai ta matso ta kifa kanta a kafaɗata. Tausayinta ya kama ni har na manta da nawa ciwon.

Da na mayar da ita Toumboutou na faɗa wa Baba Altine abin da ya faru, sai ya ce, "Salihu, mi na na wahala? A roƙi wanda za shi zo shi sanyo riga da wando irin namu. Sa'a guda ta, a sa hannu, goɗiya ta tsira." Ba zan ɓoye muku ba, shawarar ta shiga raina. Ina ganin fuskokin mahautan nan a idona, kuma na san yadda ake cusa dabbobi a bayan kamiyo, babbar motar lodi.

Da wannan tunanin na tafi Garou don in gaya wa Malam Hamani cewa amalanken da ya ara mana ya tashi daga aiki. Muna zaune a ƙofar gida sai jikarsa Ramatu, 'yar ƙaramar yarinya, ta fito da gudu tana nuna wa kakanta sabon ɗinkin da tela ya kawo. Rigar makaranta ce, kaki, kamar yadda kowane ɗalibi yake sawa a ƙasar nan. Sai a lokacin na lura cewa tun da Bidi ta zo hannunmu ana cikin babban hutu ne, yaran da ta saba da su duk da kayan gida ta san su. Na ɗaga kai, ga makarantar can ana hango ta daga inda muke zaune. Malam Hamani kuwa yana murmushi yana cewa, "In goɗiya ta zo, ita za ta riƙa kai ki lakwal in an yi ruwa."

Daga nan ofis na zarce, na zayyana wa Likita komai, har da shawarar Baba Altine. Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Ranar gwaji ba ta ɗaguwa, ba mu munka sa ta ba," in ji shi. "Ka yi abin da kake iyawa. Amma ka ji da kyau, Salihu: in ba ta tsaya ba, ba ni sa hannu. Ba ni musanya ɗiyar mutane da doki."

Na san gaskiya ya faɗa, amma haka na fito ina jin haushinsa.

Muka dawo da ita nan gida, na fara da rigar makaranta da na aro. Na rataye ta a sanda can nesa, kullum ina matso da ita kusa da akushin dusa. Da farko ta ƙi ci, tana huci tana kallon rigar ta gefen ido. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sannu a hankali yunwa ta fi tsoro ƙarfi, har ta kai tana ci rigar na taɓa kunnenta. Sai dai riga a sanda ba mutum ba ce. Ni kuma ba ni da ikon sa kayan sarki, in na sa su gidan kaso zan kwana. Mutum ɗaya ne ya rage, kuma shi ne wanda ko gaisuwa ba na son ta haɗa mu.

Na sami Shef Biyo a shinge, na tuɓe hula, na yi ta kewaye-kewaye kafin in faɗi abin da ya kawo ni. Ya ƙyalƙyale da dariya har abokan aikinsa suka waiwayo.

"Ni za ka maida ɗan barga? Da galona a kafaɗa?"

"Shef, in ba ka zo ba, yanka ta za a yi."

Ya juya ya ci gaba da duba wata mota. Na dawo ina zagin kaina. Washegari da safe ina share turke sai na ji tsayuwar babur, ga Shef Biyo cikin cikakken kaki, da ƙullin kanwa a hannu.

Wannan zuwan na farko ba shi da daɗin tunawa. Bidi ta ja igiya har ta shaƙe kanta, ta saki fitsari, idanunta suka juye fari. Na ce wa Shef ya tsaya nesa, ya ba ta baya, ya ajiye akushin ya tafi ba tare da ya dube ta ba. Haka ya yi ta zuwa kafin ya wuce aiki, kullum yana ƙara matsowa kaɗan. Ya koma zuba kanwar a aljihun riga, yana tsayawa kamar gunki har ta miƙo wuya. Ran da leɓenta ya fara taɓa tafin hannunsa, sai na ji ya ce a hankali, "Tun da ni sa wagga riga ban taɓa ganin abin da ka tsoronta haka ba. Wallahi ba daɗi."

Na ɗauka mun haye, ashe da sauran rina a kaba. Gwaji ya matso, muka ce bari mu gwada usur. Busa ɗaya ya yi, ta tumɓuke turken gaba ɗaya, ta daki katanga, ta ɓare gwiwa. A makon nan ko abinci ba na iya ci, matata har ta fara tambaya ko wani ne ba shi da lafiya a danginmu. Muka koma baya, Shef ya riƙa busawa daga bayan katanga, can ƙasa-ƙasa kamar kukan tsuntsu, daidai lokacin da nake zuba dusa. Har jajibirin gwaji, in ta ji usur sai fatar jikinta ta yi rawa. Ban san abin da za ta yi ba, kuma ba wanda ya sani.

Ranar gwaji aka turo wani matashin ma'aikaci da ba mu taɓa gani ba, don ƙa'ida ta hana Shef zama wakili tun da hannunsa na cikin horon. Kakinsa sabo ne fil, takalmansa na ƙara. Ya nufo ta kai tsaye, ni kuwa ina riƙe da ragama. Bidi ta kwantar da kunnuwa, ta ja da baya taku ɗaya, ta tsaya tana huci. Ya busa usur. Na ji igiyar ta yi tauri a hannuna, na fara salati a zuci. Sai ta miƙa wuya, ta cusa hancinta a aljihun rigarsa tana neman kanwa. Yaron ya daskare, ya ce, "Mi take bida?"

Na fara sakin numfashi ke nan Likita ya ce, "Ba mu ƙare ba. A ɗaura amalanke, mu tahi bakin lakwal."

Ana gab da tashin ɗalibai na rana tsaka muka tsaya ƙarƙashin wata bishiya a tsallaken hanya, da tazara tsakaninmu da ƙofar makarantar. Baba Altine ya riƙe doguwar igiya ta dama, wani ma'aikacinmu ta hagu, ni ina kan amalanke da linzami. Aka buga ƙarfe. Yara suka ɓarko kamar an buɗe garke, kaki ko'ina, suna ihu suna guje-guje, wani malami kuma yana bin su da usur don su bar kan hanya. Bidi ta ɗaga kai sama, jikinta duka ya ɗauki ɓari, har amalanken yana kaɗawa a ƙarƙashina. Ƙafarta ta gaba ta bar ƙasa. Na ce shi ke nan, ta tafi. Ban san lokacin da na fara yi mata magana ba, irin surutun da nake mata in ina wanke mata miki, ina kiran sunanta. Ƙafar ta daɗe a sama, ko kuwa ni ne na ga ta daɗe. Sannan ta sauke ta, ta yi wani dogon huci, ta sunkuya ta fizgi ciyawar gindin bishiyar.

Likita ya bari har yaran suka gama wucewa ta gabanmu, sannan ya ɗora takardar a bayan amalanke ya sa hannu, wakilin ma ya sa. Da na sauko sai na zauna a ƙasa.

Bidi tana Garou har yanzu, tana jan shinkafa da albasa zuwa kasuwa. Aibinta ɗaya: in ta iso shinge ba ta wucewa sai ta bi aljihun ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya. Kowa in ya zo shingen shi ake bincika, ita kuwa ita ke binciken duwan, kuma sun saba, suna ajiye mata kanwa.

Abin da na koya shi ne doki ba a gwada shi a inda yake jin daɗi, a hanyar da zai rayu ake gwada shi, da mutanen da zai riƙa gani. Na kuma koyi cewa mutumin da kake tsoron gaisarwa yana iya zama shi ne zai tashi da sassafe saboda dabbar da ba tasa ba. Rigar can da kuke gani ta Ramatu ce, ta yi mata kaɗan, kakanta ya kawo mana. Duk dokin da ya shigo gidan nan sai ya ci dusa a gabanta. In kuka ga ya ƙi ci, kada wanda ya ce mini mugun hali gare shi. Ku je ku binciko mini wanda ya doke shi, da abin da yake sanye da shi a ranar.