Ranar da Baba Ya Ɗora Ƙafarsa a Kan Tebur

Baba tsohon soja ne, kuma ƙafarsa ta hagu daga gwiwa zuwa ƙasa ta roba ce. Nakiya ce ta ɗauke ta asalin. Amma in ba faɗa maka aka yi ba, ba za ka gane ba, don mutumin nan gara ya mutu da ya ɗingisa a gaban jama'a. Gadi yake yi a wani sito a Bompai. Kuɗin nakasar da ake ba shi kuwa, da su muke sayen maganin dungulmin, wanda ke gyambo duk lokacin zafi.

Shekarar da aka kira tsofaffin sojoji masu nakasa tantancewa, ni na raka shi. Ya sha farin kaftani mai guga, ya kafa hula. Muna isa bakin ofishin ya miƙo min sandarsa.

"Riƙe min. Soja ba ya shiga gaban hukuma da sanda."

"Baba, ai don ƙafar aka kira ku."

Ko kallona bai yi ba. Ta taga na hango shi ya ƙame a gaban wata sabuwar ma'aikaciya, har da sara mata. Ta nuna masa kujera, ya ƙi zama. Ta dube shi sama da ƙasa, ta yi 'yan danne-dannenta a kwamfuta, ta sallame shi. Daga nan kuɗi suka tsaya cak. Da na bi sawu, aka ce an rubuta ya warke. Wato ƙafa ta sake tsirowa!

Ni a kamfanin robobi nake aiki a Sharaɗa. Ba a barin ka taɓa inji sai ka daɗe tsaye a bayan wanda ya iya, kuma in bokitai suka fito a karkace, shugaban layi ake fara kira. A kan bokiti fa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Baba ya ce a bar su da Allah. Na ce Allah yana nan, amma ni ma ina nan. Da dungulmin ya fara wari, na tasa shi a gaba muka koma, ban tsaya ko'ina ba sai ɗakin shugaban wurin. Nan da nan ya sa aka kira ma'aikaciyar, ya hau ta da faɗa don mu gani. Na katse shi, na juya gare ta.

"'Yar'uwa, wa ya koya miki duba masu nakasa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba kowa. Kujera aka nuna min da kwamfuta."

"To Yallaɓai, ku ne za ku amsa, ba ita ba."

Shugaban ya haɗe rai, ya ce ba a gyara abin da aka riga aka shigar sai da hujja, mu je mu dawo. Na ce ba inda za mu, ko za a kira min 'yan sanda.

Sai na ji ƙarar maɗauri. Baba, wanda ko mu 'ya'yansa ba mu taɓa ganin dungulminsa a buɗe ba, ya naɗe wando, ya kwance ƙafar da takalminta, ya ɗora a kan teburin. Ya dafa bango ya miƙe da ƙafa ɗaya, ya sara. Wari ya cika ɗakin. Ma'aikaciyar ta fashe da kuka.

A ranar aka gyara. Ban gode wa kowa ba, har yau kuma ba zan gode ba.

A cikin adaidaita sahu, da muka kusa unguwarmu Dakata, Baba ya juyo gare ni.

"Kin yi nasara," ya ce. "Amma an ga tsiraicina."

Na ce, "Nasu aka gani, Baba."

Ya kau da kai, ya ja wandon ƙasa ya rufe takalmin.