Mutumin da ke Jin Ƙafar Babur da Haƙora

Ƙungiyar masu tseren tsofaffin babura ta buga ɗan littafin cikarta shekara ashirin da biyar, aka kawo mana guda ɗaya har gida. Na zauna na bi shi shafi-shafi. Hoton Ciyaman ya fito sau tara. Akwai hoton kofi, akwai na mai sayar da lemo a bakin fili, har karen maigadi ya samu shiga. Mijina kuwa gwiwar hannunsa ce kawai ta leƙo a gefen wani hoto, ita ma don sun rasa yadda za su yanke ta ne. To tunda su ba su rubuta ba, ni zan rubuta. Sakandare na tsaya, amma na san abin da idona ya gani.

Mai Alli ake ce masa. Shi ba bakaniken inji ba ne, in ka kawo masa kafireto shagon gaba zai nuna maka. Aikinsa ƙafar babur, irin ta da, mai siraran wayoyi da suka tashi daga cibiya suka riƙe gare. Ka kawo masa gare a lanƙwashe da cibiya duk tsatsa, sai ya zare tsofaffin wayoyin, ya jera sababbi arba'in ɗaya bayan ɗaya, yana juyawa yana ɗaurewa, har ƙafar ta riƙa gudu a gabanka kamar a tsaye take. Ma'auninsa kunne ne. Da ƙaramar sifana yake ƙwanƙwasa kowace waya. Mai lafiya takan yi ƙara siririya, wadda ta saki sai ta amsa a dakushe. Shi ya sa shekara talatin da ɗaya da aurenmu ban taɓa jin rediyo a shagonsa ba. Ɗaki ɗaya ne, da benci, da gwangwanayen madara da ya jera wayoyi a ciki gwargwadon tsawonsu, da wani tsohon ƙahon babur, ƙarfen nan mai baki biyu da ke riƙe ƙafar gaba, da ya kifa ya ɗaure a jikin tebur, a nan yake ɗora ƙafar da yake wa aiki.

Haka yake tun farko. Ranar da ya fara zuwa gidanmu, kafin ya ce mini uffan sai da ya tsuguna ya gyara ƙafar keken mahaifina da ke jingine a bakin ƙofa. Na fito na tarar da ƙeyar mutum. Mahaifina ya ce, "Wannan ko bai iya magana ba, ba zai bar ki a hanya ba."

Sau uku a shekara ƙungiyar take yin tsere a tsohon filin da ke bayan masaƙar da aka rufe. Baburan duk sun girmi yawancin masu hawansu. Da safe a jera su jama'a su sha kallo, tanki yana ƙyalli, salansa kamar madubi, kowa yana ba da tarihin nasa ko ba a tambaye shi ba. Kafin a shiga fili kuwa dole kowane babur ya bi ta ƙarƙashin wata rumfa, inda mijina yake zaune a kan akwatin kayan aiki. Ya ƙwanƙwasa ƙafar gaba, ya ƙwanƙwasa ta baya, in ya gamsu ya ja layi da alli ruwan ɗorawa a jikin gare. Babu alli, babu tsere. Daga nan sunan ya samo asali. Shekara ashirin da biyu yana jan layin nan, ƙafa ko ɗaya ba ta taɓa watsewa da mutum a filin ba. Wannan ba ya cikin littafin.

Shekara uku da suka wuce ciwon kunne ya kama shi, duka biyun. Ya yi ta daurewa irin ta maza, wadda ni dai wauta nake kiranta, sai da abin ya ci ƙarfinsa muka je asibiti. An tsayar da ciwon, amma jin ya tafi, sai ɗan abin da ba a rasa ba. In zan yi masa magana sai na tsaya a gabansa ya ga bakina. Wata biyu shagon yana rufe. Yakan zauna a tsakar gida da sifanar a hannu yana juya ta, ni kuma na yi ta yi masa faɗan da ba ya ji, don in na yi shiru kuka zan yi.

Wata safiya na nemi babban cokalina na katako na rasa. Na leƙa shago na tarar an buɗe, ga mutumina a tsugune, ya yanke wa cokalin kai, ya cije ƙotar da haƙoransa, ɗaya gefen ya tokare shi da cibiyar wata ƙafa, yana ƙwanƙwasa wayoyi ido a rufe.

Na dafa kafaɗarsa na ce, "Malam, cokalina ne fa."

Ya cire sandar daga baki, ya ce da ƙarfi, don yanzu bai san awon muryarsa ba, "Ina ji. Maman yara, ina jin su."

Ashe ranar da likita ya buga wani ƙarfe mai baki biyu ya ɗora masa a ƙashin bayan kunne, ya ji ƙarar tar a cikin kansa, kuma bai manta ba. Ƙarar wayar tana bin katakon ta shiga haƙori, daga haƙori ta hau ƙashi. Ya ce har ta fi yadda take fitowa a da, don yanzu babu hayaniyar titi a ciki.

'Yan layin garejin kuwa suka samu abin yi. Mai faci ya leƙo ya ce, "Mai Alli, a kawo gishiri ne?" Mai walda ya ce, "Yau cinyar gaba ake ci ko ta baya?" Shi ba ya ji, sai ya ɗaga musu hannu yana murmushi. Ni ce nake ji, ni ce kuma nake ramawa. Na ce wa mai walda, wanda ƙofar da ya yi mana ta faɗo a sati biyu ba shi da bakin yi wa kowa dariya.

Wannan duk wasa ne. Abin da ba wasa ba shi ne zuwan Ciyaman, sati biyu kafin tseren ƙarshen shekara. Bai je shago ba, gida ya zo, lokacin da ya san ni kaɗai zai tarar.

Ya ce, "Maman yara, ke za ki lallaɓa mana shi. Kin san aikin nan na kunne ne, kuma rayukan mutane ne. Mun samu wani injiniya mai na'urar awon waya. Wannan karon su duba tare, in an tashi mu miƙa masa allon yabo a gaban jama'a, ya huta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙafa ta taɓa karyewa?"

"Ba ta taɓa ba."

"Tun da ya daina ji fa? Tsere nawa aka yi?"

Ya ce, "Ba a jira sai ta karye. Kuma ki duba, baƙi suna zuwa da kyamara, ga mutum da itace a baki."

Na ce, "To ka faɗi haka tun farko. Kunya yake ba ku, ba tsoro ba. Shagonsa yana nan inda ka sani, bakinka ma yana nan, je ka gaya masa."

Bai je ba. Ni na gaya wa mijina da yamma, ina tsaye a gabansa, a hankali don ya karanta bakina. Ya kalle ni, ya kalli hannunsa. Ya ce, "Allin za su karɓa ke nan." Ya tashi ya shiga shago. Wanda bai san shi ba zai ce alli ne kawai. Ni na san a duniyar nan ba shi da wani muƙami sai shi.

Ranar tseren na bi shi, ni da rabona da filin an fi shekara goma, don ba na son ƙarar. Injiniyan ya zo da jakarsa. Gaskiya ba ni da abin faɗa a kansa, mutum ne mai ladabi, har ya rusuna ya gaishe da mijina. Na'urar tasa kamar filaya ce mai fuskar agogo, ya maƙala wa waya, allura ta nuna ƙarfin ɗaurinta. Babur goma sha ɗaya suka wuce, na'ura ta ce lafiya, haƙori ya ce lafiya, aka ja alli.

Na goma sha biyu shi ne jan baburin Mai Kemis, ƙanin matar Ciyaman, wanda ya ci kofin sau uku a jere, kuma rabin mutanen filin shi suka zo kallo. Injiniya ya auna gaba da baya, ya ce ƙalau. Mijina ya ciji sandarsa, ya zaga ƙafar gaba, ya ja layi. Ya koma ta baya ya zaga. Ya sake zagawa. Sai ya mayar da allin aljihu.

"Ta baya ba ta wuce ba."

Mai Kemis ya tsuguna a gabansa ya ce, "Baba, makon jiya aka ɗaure ta, wayoyin sababbi ne."

"Ba waya ba ce. Cibiyar ce. Wayoyi uku na wannan gefen suna magana biyu-biyu."

Wani daga baya ya ce, "Kurma ya ji abin da na'ura ba ta ji ba," aka kwashe da dariya. Na juya na nemi mai maganar, Allah ya taimake shi ya shige cikin mutane. Ciyaman ya matso kusa da ni, ya rage murya ya ce, "Kin ga abin da nake gudu? Yi masa magana."

Na ce, "A hannuna ka ga alli?"

Ciyaman ya juya wurin Injiniya ya ce ya sa hannu a takarda babur ya wuce, saura minti ashirin a tashi. A nan na ga mutuncin Injiniya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na'urata ƙarfin waya take aunawa, ba ta ganin cikin ƙarfe. A bar shi ya nuna mana."

Mijina ya ce a kawo kananzir. Shi da kansa ya kwance ƙafar, ya kwantar da ita a kan buhu, ya wanke cibiyar da kananzir ya jiƙa ta sosai, sannan ya goge ta da tsumma har ta bushe ƙayau. Ya fito da allin nan nasa, ya murƙushe shi gaba ɗaya a tafin hannu, ya shafe gefen cibiyar da garin. Ya ɗan ƙwanƙwasa ta da sifana, ya koma ya zauna a kan akwatinsa.

Babu abin da ya fito. Minti ɗaya, minti biyu. Ciyaman yana duba agogo, Mai Kemis yana riƙe da hular kwanonsa yana kaɗa ƙafa. Na ce a raina in mutumin nan ya yi kuskure a gaban jama'ar nan, ba allin kaɗai zai rasa ba, shagon ma ba zai sake buɗewa ba. Shi kuwa yana zaune yana goge sandarsa da gefen riga.

Injiniya ne ya fara gani. Ya nuna da bakin biro. Wani layi siriri kamar gashi ya fara duhu a cikin garin allin, kananzir ɗin da ya maƙale a cikin tsagar yana fitowa. Ya tashi daga ramin waya ɗaya ya kama na biyu, ya wuce zuwa na uku.

Mai Kemis ya ajiye hular a ƙasa ya zauna dirshan. Duk wanda ya san filin ya san kwanar da ke wajen tankin ruwa, ya san kuma da irin gudun da yake shan ta, nauyinsa duka a kan ƙafar baya. Matarsa tana can ƙarƙashin rumfar 'yan kallo da 'ya'yansu mata biyu, suna jiran su ga ya fito. Ya daɗe yana kallon layin nan. Sannan ya kama hannun mijina da hannu biyu, garin alli da kananzir da komai.

Kuna tsammanin Ciyaman ya ba da haƙuri? Gyaran murya ya yi ya ce, "To, a kawo na gaba." Sai aka ga babu allin da za a ja layi, an murƙushe shi. Shi Ciyaman ɗin da kansa ya tafi motarsa ya lalubo wani guntu, ya zo ya miƙa wa mijina, ba wa Injiniya ba. Da ya buɗe bayan motar na hango allon yabon a naɗe cikin jarida. Har yau yana can, in bai yar ba.

Mai Kemis bai yi tsere ranar ba. Bayan kwana huɗu ya zo shago da ƙafar a kafaɗa da kwalin alli guda cur, ruwan ɗorawa. Yanzu dokar ƙungiya ita ce na'ura ta auna, haƙori ya saurara, amma alli a aljihun mutum ɗaya yake kwana. Injiniya yana zuwa duk Asabar da tasa sandar, yana cije yana ƙwanƙwasawa. Ya ce har yanzu ban da ciwon haƙori bai ji komai ba, mijina ya ce shi ma sai da ya shekara bakwai kafin kunnensa ya buɗe. Mai walda ya daina zancen cinya tun da ya kawo ƙafar baburin surukinsa.

Hoton nan na littafin na yanke shi da almakashi, na yar da ɓangaren Ciyaman, na sa gwiwar hannun a firam na rataye a falo. In ka matsa kusa za ka ga garin alli a jikinta. Da ya gani ya yi dariya har da tari, ya ce, "Maman yara, ke dai ba kya barin ta kwana." Na tsaya a gabansa yadda zai ga bakina sosai, na ce, "Kai ma har yau ba ka sayo mini cokalina ba."