Kazar da Batula ta Mayar ta Kan Katanga

Shekarar da na dawo gida daga karatu, na ji mai shela yana zaga shiyyarmu bayan ruwan farko yana cewa a ɗaure awaki, a rufe kaji, sai na yi murmushi. Zancen awaki na gane shi. Na kaji kuwa na ɗauka irin dokar nan ce da ake faɗa don dai a ce an faɗa, kuma na kasa ganin yadda magidanta masu furfura za su zauna ƙofar mai unguwa suna shari'a a kan kaza. Har yau ban tabbata dokar ta yi daidai ba. Abin da na tabbata shi ne labarin Batula, don na ji shi daga bakinta, na ji daga bakin maƙwabciyarta, kuma wuraren da suka saɓa kaɗan ne.

Batula 'yar Fakku ce, ta ƙasar Kebbe. Aure ya kawo ta wani ƙauye kusa da Sanyinna shekara ashirin da shida da suka wuce, gidan Maccido, manomin gero da dawa. Cikin kayan da aka rako ta da su akwai wata kaza baƙa da kakarta ta ɗaure wa ƙafa da tsumma ta cusa cikin kwando. Tun daga ranar gidan bai taɓa kwana ba kaza ba. Da kaji ta yi wa 'ya'yanta mata tukwane da tabarmi, da su take karɓar baƙo, da su take zuwa barka. Takan saka ƙwai cikin ruwa ta gane mai kyau da wanda ya lalace. Takan shafa wa 'yan tsaki shuni don kada shaho ya gane su daga sama. Kowace kaza da sunanta, kuma wadda ta fi so ita ce Wake-wake, mai ɗigon fari da baƙi, wadda ba katangar da ta fi ƙarfin fiffikenta.

Bayan katangar gabas gidan Malam Nu'umanu ne, malamin da magidanta ke ɗaukar karatun littattafai a zaurensa tsakanin azahar da la'asar. Yana da garka a bayan ɗakinsa, inda yake shuka kuɓewa da rama da ɗan masara, kuma yana kula da ita kamar yadda yake kula da littattafansa. Matarsa Ummulkulsum ta girmi Batula, da can Yaya Ummu take ce mata, suna miƙa wa juna gishiri da wuta ta kan katanga. Wake-wake ce ta ɓata wannan.

Dokar shiyyar mai sauƙi ce. Daga ruwan shuka har kwana ashirin, kaza ba ta fita akurki. In an kama ta a garkar wani, karon farko gargaɗi ne. Na biyu a je gaban mai unguwa. Na uku mai garka ya yanka ta, amma ba zai ci ba, sai ya mayar wa mai ita. Wanda kuma aka tabbatar da gangan ya saki kajinsa, ba zai sake ajiye kaza a gidansa ba sai kaka.

A daminar da ake magana, an riga an kama Wake-wake sau biyu. A gaban mai unguwa Atiku, Batula ta tsaya bayan mijinta ta ce wani rami ne a gindin akurkin, kazar nan kaɗai ke bi, sauran suna rufe. Ba gaskiya ba ne. Akurkin nata na laka ne, da rana yakan zama kamar tanda, kuma bara kaji biyu sun mutu mata a ciki saboda zafi. Don haka kullum in hantsi ya ɗaga, maza sun tafi gona, takan buɗe musu su sha iska a tsakar gida, ta mayar da su kafin a dawo. Ko Maccido bai sani ba.

Rashin saninsa ne ya sa ran wata Talata ya gauraya irin dawa da maganin iri, jan garin nan da ake sa wa tsaba don kada ƙwari da ɓeraye su tone ta, ya zuba a ƙwarya ya rufe da faifai ya tura ƙarƙashin rumbu. A ganinsa ba abin da zai kai wurin, tunda kaji na rufe. Ya hau babur ya tafi Dogon Daji neman taki. Batula tana wanki lokacin, ba ta ga inda ya ajiye ba.

Ana dab da kiran azahar ta ji an ƙwanƙwasa katanga da muciya. Ta ɗaga kai ta ga hannun Ummulkulsum riƙe da ƙafafun Wake-wake, kanta na lilo, jini bai gama bushewa ba.

"Ga kazarki. Malam yac ce a maido miki. Ta ukku ke nan."

Batula ta tsaya da kumfar sabulu a hannu. Ta karɓi kazar, jikinta da sauran ɗumi. Sai ta miƙe a kan yatsu ta sake tura ta kan katangar.

"Wanda ya yanka shi ci. Ni ba ni cin kazar da nika kira da suna."

"Doka ta ce a maido miki, Batula."

"An maido, na karɓa. Ki ce mishi na ba shi sadaka."

Ta san inda maganar za ta soka. Malami ba ya ƙin sadaka, kuma irin wannan sadakar ba ta da daɗin karɓa. Ummulkulsum ta janye kazar.

"To, Allah shi karɓa. Dama mun kwana biyu ba mu ga romo ba."

Batula ta yi salla, ta daɗe zaune a kan tabarma zuciyarta na tafasa. Sai da ta fito mayar da kajin akurki ta ga wata ja kwance a gindin turmi, fiffike a baje, tana buɗe baki tana rufewa. Can kusa da randa wata na tafiya kamar mai jiri, ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa. Tunanin da ya fara zo mata shi ne na kowace mai kaji: a nemo namiji ya yanka su kafin su zama mushe. Ta ɗauki jar, tana juya ta, sai ga ƙwayoyin dawa sun zubo daga bakinta, jajaye kamar an rina su. Ta waiwaya ta hango faifai a ƙasa, ƙwarya a karkace ƙarƙashin rumbu, da sawun kaji ko'ina.

Ta ƙirga da ido. Bakwai a kwance. Kuma ta san wadda ke fara kai baki ga kowace ƙwarya a gidan nan.

Ƙamshin albasa da man gyaɗa na tasowa daga bayan katanga.

Ta jawo turmi ta taka, ta leƙa. Madafar Ummulkulsum na can ƙarshen gida, hayaƙi kawai take hangowa.

"Yaya Ummu. Yaya Ummu, ki sauke tukunyar nan."

"Yau kuma Yaya nike?" muryar ta zo daga nesa. "Sadaka ba a maido ta, Batula. Ta shiga tukunya. Ƙundun ma na soya, ya tafi zaure."

Daga nan sai ƙarar taɓarya, an hau dakan yaji da ƙarfi don kada a ƙara jin ta.

Batula ta sauko daga kan turmin. Ƙundun kaza na mai gida ne, ba a ba yaro, ba a ba baƙo, shi ake fara soyawa a kai masa. Kuma can ne duk abin da kaza ta haɗiya yake taruwa.

Ta jingina da rumbu. Wata murya a cikinta ta ce wataƙila Wake-wake ba ta ci ba, ai da ƙarfinta ta tsallake katanga. Wataƙila wuta ta kashe dafin. In ta tona rami bayan rumbu ta binne waɗannan, ta share sawu, ba mai sani. In kuwa ta je ta faɗa, sai ta faɗi yadda aka yi kaji bakwai suka kai ƙarƙashin rumbu, kuma mai unguwa Atiku yana cikin masu ɗaukar karatu a zauren. Sannan ga abin da ya fi wannan: ita ce da bakinta ta ce a ci, ga mutumin da kowa ya san suna gaba da shi. In wani abu ya sami Malam, ba mai yarda cewa ba ta sani ba.

Ta zura hijabi, ta ɗauki jar kazar da ta riga ta sandare ta ɓoye a ciki, ta fita.

Tsakanin ƙofarta da zauren Malam bai fi taku talatin ba. A shekara ashirin da shida ba ta taɓa tsayawa wurin ana karatu ba, mace kan jira a watse ko ta bi ta wani gida. Ta durƙusa gefen ƙofa inda ba a ganinta. Takalma shida a jere. Malam na karanta Larabci yana fassarawa a hankali, magidantan na amsawa. Ta ɗan leƙa. Kusa da buzunsa ga ɗan kwanon sha rufe da faifai, ba a taɓa ba. Malam ba ya cin komai sai ya rufe littafi.

Ta daɗe a wurin. Gumi na bin bayanta, kazar na ƙara nauyi a hannunta. Ta ji an shafa fatiha. Ta ji ƙarar rufe littafi, sannan ƙarar buta, ruwa na zuba a ƙasa.

"Allah shi gafarta Malam, kada ka ci."

Magidantan suka waiwayo ƙofa.

"Wa ke nan?" in ji mai unguwa.

"Batula ce, matar Maccido."

Ta matso da gwiwa ta ajiye kazar a bakin ƙofa, ta matsa wuyanta. Jajayen ƙwayoyi suka zubo kan dakali. Duk manoma ne a wurin, ba wanda ya nemi bayani. Malam ya dubi hannunsa mai danshi, ya dubi kwanon.

Mai unguwa ya ce, "Wagga ma ta ramin ta bi?"

"A'a, ranka shi daɗe. Babu rami. Ni nika buɗe musu kullum in hantsi ya yi. Duka."

Malam bai tsaya jin sauran ba. Ya shige cikin gida ba takalmi yana kiran matarsa. Ummulkulsum ta fito da ludayi a hannu, kuma da aka tambaye ta ta ce ta ɗanɗana gishiri sau biyu. Nan ne labaran biyu suka saɓa: ita ta ce ba ta ji komai ba sai da ta ga fuskar Malam, Batula kuwa ta ce tun fitowarta leɓenta ya yi fari. Aka ɗura mata nono, aka ɗora ta a babur zuwa asibiti.

Batula ba ta koma gida ba. Ta zauna a tsakar gidan maƙwabciyarta tana gadin tukunyar, ta kori kyanwa, ta hana kowa matsowa. Da tukunyar ta huce ta ɗauke ta da kanta, ta haɗa da ƙundun da matattun kajinta, ta haƙa rami mai zurfi bayan gari ta binne, ta ɗora dutse. Duk babur da ya wuce sai gabanta ya faɗi. Ana kiran magariba aka dawo da Ummulkulsum, ta yi amai a hanya, an yi mata ƙarin ruwa, tana tafiya da ƙafarta. Ta tarar da Batula zaune a ƙofar madafa.

"Har yanzu kina nan? Ko tukunyar ma sadaka za ki yi da ita?"

Batula ta buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa.

Washegari da safe aka zauna ƙofar mai unguwa. Maccido ya sha faɗa kan ajiye irin magani a ƙasa. Malam Nu'umanu ya roƙa a yafe wa Batula, ya ce da ta yi shiru da yanzu wata magana ake yi. Mai unguwa ya ce ya ji, amma a gabansa ta ce rami ne, kuma in ya ɗage mata, gobe kowace mace a shiyyar za ta sami rami. Cikin kaji ashirin da uku, goma sun tafi, har da Wake-wake da wasu biyu da suka mutu cikin dare. Sauran goma sha uku aka zuba a kwanduna biyu, Maccido ya kai su Fakku wurin Na'iya, ƙanwar Batula. Wata huɗu gidan ba kaza. Ta ce da asuba takan farka ta yi ta saurare, sai zakarun wasu gidaje take ji.

Da kaka ta dawo da su, yanzu sun fi na da yawa, kuma Maccido ya yi mata akurkin kara mai shan iska a ƙarƙashin dalbejiya. Ita da Ummulkulsum suna gaisawa, gishiri da wuta sun koma bin kan katanga. Dafaffen abu ne dai har yau bai sake bi ba, daga kowane ɓangare. Akwai kuma mata biyu ko uku a shiyyar da har gobe in an ambaci zancen sukan ce wa ya san abin da ke zuciyar mutum.

Ranar da ta ba ni labarin tana tsince ƙwai cikin ƙwarya, na tambaye ta abin da ya tsaya mini a rai: tunda ta isa ƙofar zauren ana tsakiyar karatu, me ya hana ta magana nan take, kunyar maza ce?

"Ba kunya ba ce," in ji ta. "Ina nan durƙushe ina roƙon Allah shi sa kyanwa ta kifar da kwanon, ko Malam shi ce azumi shika yi, in tashi in koma gida ba wanda ya sani. Ban daina roƙon ba sai da na ji ruwan buta."