Baba Tsaya-Tukun da Kyamarar da ke Ƙirga Baya-Baya

Kafin tela ta gama ɗiga wa kekenta mai, Baba Tsaya-Tukun ya riga ya iso. Shagonta da nasa suna kallon juna, titi ne kawai a tsakani, don haka ko ba ta so sai ta gani. Zai jingine lemarsa, ya yi kokawa da kwaɗon ƙofa yana yi masa faɗa kamar yana ji, ya shimfiɗa tsohon tawul a kan tebur, ya jera sukundirebobinsa ƙanana. Daga nan sai ya fito da kyamarorin fim ɗaya bayan ɗaya. Kowacce zai hure mata ƙura, ya kai ta kunne, ya danna, ya saurara. In ƙarar ta yi masa, ya ce, "Kin kwana lafiya." In ba ta yi ba, ya ture ta gefe ya ce, "Ke kuma za mu yi magana anjima."

Sunan nan ba a banza ya same shi ba. Mutum zai shigo da zumuɗi, ya nuna kyamara ya ce ita yake so, maimakon Baba ya naɗe masa ita ya yi godiya, sai ya ce, "Tsaya tukun. Ina za ka da ita?" Mai gyaran takalmin da ke kusa da shi ya rantse cewa cinikin da Baba ya kora da bakinsa ya fi wanda ya yi. Shi ne shaida ranar da wani mai ƙaton agogo ya nace sai babbar kyamara ta ratayawa a wuya. Baba ya rataya masa ita, ya ce ya je ƙarshen titi ya dawo. Mutumin ya dawo yana murza ƙeya, ya sayi 'yar ƙarama mai shiga aljihu, har yau in ya wuce sai ya ɗaga hannu.

Ƙarshen watan nan Baba zai rufe shago, ido ya ce ya gaji. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ya yi wa tela tun yana zaune, ya ji da kunnensa.

Mahaifiyar tela tana can nesa, tafiyar da sai an kwana a hanya. Inna ta tsufa, kuma babu hotonta ko ɗaya a duniya. Ba don ba a gwada ba. Duk wanda ya ɗaga mata waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ita ba za a sa ta cikin abin da ake cusawa a aljihun wando a zauna a kansa ba. Da aka matsa mata, sai ta aiko cewa ta yarda da hoto ɗaya tak, amma irin na marigayi mijinta da ke rataye a bango, wanda ake wankewa a riƙe a hannu. Tela ta san halin uwarta: in ta ce ɗaya, to ɗayan ne. Ta kuma san cewa irin wannan tafiya ba kullum ake samun halinta ba.

Sai ta tsallaka titi, maigidanta na biye da ita. Mutumin kirki ne, mai sayar da fenti, ba ya faɗa, ba ya rowa. Aibinsa ɗaya: hannunsa ba ya zama. A gida ana ce masa Bari-In-Gani, don ya buɗe agogon bango, ya buɗe rediyo, ya buɗe dutsen guga, kuma babu wanda ya koma daidai a cikinsu.

Tela ta gaya wa Baba tafiyar da ke gabanta, sai idonta ya faɗa kan wata kyamara mai ƙyalli, wadda in an kunna ta hancinta ke miƙowa.

"Tsaya tukun, 'yata," in ji Baba. "Wannan mai dogon hancin, ƙwayar yashi ɗaya ta shiga, ta ƙi komawa, tafiyarki ta tashi a banza. Batirinta kuma sai kin zaga gari. Inda za ki, akwai shagon da ke sayar da batirin tocila?"

"Akwai, Baba."

"Jakarki wacce ce? Wannan? To, abin da zai shiga cikinta muke nema, ba abin da za ki goya ba."

Ya ɗauko wata 'yar madaidaiciya. Ya leƙa idonta ko ya yi hazo, ya shinshina gidan batir, ya gwada filas sai da tela ta ga taurari. Har ya fara goge ta zai miƙa, sai aka ji wata ƙara a bayansu, kamar an watsa tsakuwa a faranti. Bari-In-Gani ne ya ga wani gwangwani a kan kanta ya ce bari ya ga me ke ciki. Kusoshi ne 'yan mitsi-mitsi, ga su nan sun bazu har ƙarƙashin kujera.

Baba ya sauke tabarau ya dube shi yana rarrafe yana tsinta. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya juyo ya ce, "Wa zai raka ki tafiyar?"

Tela ta nuna ƙasa da haɓa.

Baba ya gyaɗa kai. Ya mayar da 'yar madaidaiciyar cikin gilas, ya durƙusa ya jawo aljihun tebur na can ƙasa, ya fito da wata baƙa, gajeriya, mai tabo a goshi, kamar sabulun wanki da aka fara amfani da shi. Ita ce mafi araha a shagon. Ran tela ya sosu, ta ɗauka Baba ya raina jakarta ne, amma kunyar tsoho ta hana ta magana. Ya sa mata fim ya rufe. Kyamarar ta kama gurnani, ta yi ta yi kamar ba za ta daina ba, sannan lamba ta fito: talatin da shida. Baba ya danna sau ɗaya, lambar ta ragu.

"Baba, ai wannan ta lalace," in ji Bari-In-Gani daga ƙasa. "Baya-baya take ƙirga."

"Haka aka halicce ta." Baba ya yanko baƙin salatif ya liƙe murfin baya. Da tela yake magana, amma idonsa na kan mijin. "Wannan ba waya ba ce. Babu abin kallo a ciki. Aka buɗe bayanta haske ya shiga, hoto ya ƙone, babu mai iya dawo da shi. An ji?"

"Haba Baba, sai ka ce yaro," in ji mijin.

A hanya tela ta ɗauki gada, ta ɗauki kogi, ta ɗauki wata akuya da ta hau kan mota. Da suka isa, Inna ta yi ta ja musu rai: yau ƙafa, gobe rana ta yi zafi, jibi ba ta ga ɗankwalin da take so ba. Sai safiyar da za su juyo ta fito cikin kayanta na adaka, ta zauna a kujera a tsakar gida, ta ɗaure fuska tamau kamar za ta sha magani. Tela ta ga ɗankwalin ya karkace, ta miƙa wa mijinta kyamarar ta ce, "Riƙe kawai, Baban yara. Riƙewa kawai na ce." Tana cikin gyara ɗaurin, shi kuwa ya kafa ido a 'yar tagar leƙe, yana ja da baya, yana ja da baya, sai ji kake tsundum, ya zauna daram cikin bahon wanki. Filas ya haska. Inna, wadda ta shekara ba a ga haƙorinta ba, ta yi dariya har da riƙe ƙirji.

Tela ta fizge kyamarar, Allah ya sa ruwa bai taɓa ta ba. Inna ta share hawaye, ta sake ɗaure fuska, aka danna. "Shi ke nan," in ji ta. Ta tashi tana dafa bango ta shiga ɗaki. Tela ta bi hannun nan da kallo, yadda yake lalube kafin ya sami bangon.

A motar dawowa gyangyaɗi ya ɗauke ta. Ƙarar ɓare salatif ce ta tashe ta. Ta buɗe ido ta ga mijinta ya wangale bayan kyamarar, ya ɗaga ta saitin taga inda rana ta fi ƙarfi, yana leƙe da ido ɗaya.

"Ni fa ban ga Inna a ciki ba," in ji shi.

Ba ta yi ihu ba. Ta karɓa, ta rufe, ta sa a jaka, ta juya fuska ga taga. Ya yi rantsuwa, ya ce ɗan kaɗan ya buɗe, ya sayo mata ruwan sanyi, ya sayo ayaba. Ko kallo bai ishe ta ba. Ta san Inna ba za ta sake zama ba, kuma zuciyarta na gaya mata abin da ba ta so ta ji.

Ko gida ba ta shiga ba, shagon Baba ta nufa. Ya ga salatif a ɓare, ya ga miji a raɓe a bakin ƙofa ya yi tsuru-tsuru, bai ma tambayi abin da ya faru ba.

"Zauna, 'yata. Kin tuna gurnanin da ta yi ranar da na sa mata fim? Fim ɗin duka take zarowa waje tun farko. Duk hoton da kika ɗauka sai ta mayar da shi cikin gwangwaninsa, inda haske ba ya kaiwa. Shi ya sa take ƙirga baya-baya. Abin da rana ta ci, wanda ba a ɗauka ba ne, sai kuma na ƙarshe da ke bakin ƙofa. Tun da ya zubar min da kusoshi na san sai ya buɗe."

"To, me ya sa ka liƙa salatif, Baba?" in ji mijin a hankali.

"Don a ce na yi ƙoƙari." Ya juya ga tela. "Mene ne na ƙarshen?"

Ta ce, "Inna ce."

Baba ya cire fim ɗin, ya ce shi da kansa zai kai wurin wanki. Ya rufe shago da rana tsaka, abin da mai gyaran takalmi bai taɓa gani ba, ya ɗauki lemarsa ya tafi.

Ranar da hotunan suka fito, a kan tawul ɗin Baba aka baje su. Ga gada, ga kogi, ga akuya, ga babban yatsan tela har sau biyu. Na ƙarshen kuwa ja ne da rawaya kamar an kunna masa ashana, babu abin da ya tsira sai takalman Inna. Tela ta kifa kai. Tana tattara su ne za ta mayar cikin ambulan, sai wanda ke ƙarƙashi ya zamo. A karkace yake, rabinsa bango ne da igiyar shanya. Amma ga Inna nan sarai, baki buɗe, hannu a ƙirji, wushiryarta a waje, ga hannun 'yarta a kan ɗankwalinta.

"Ni na ɗauka," in ji Bari-In-Gani. Tun daga ranar bai sake barin kowa ya huta ba, wai shi gwanin hoto ne.

Tela tana kuka tana dariya ta miƙa wa Baba. Ya kai hoton har bakin hancinsa, ya matsar, ya sake kawowa, ya juya shi wajen haske. Can ya ce, "Dariya take yi, ko?" A nan ne tela ta gane cewa mutumin da ya ceto mata fuskar uwarta ba ya iya ganin fuskar sosai. Da kunne da yatsu ya daɗe yana aiki, bai gaya wa kowa ba.

An wanke hoton biyu, aka aika wa Inna nata. Ta yi mita cewa an ɗauke ta baki sake kamar marar kamun kai, sannan ta sa aka rataye shi kusa da na mijinta. Ba a daɗe ba Allah ya yi mata rasuwa. Ɗayan yana nan a saman keken ɗinki, jikokinta da shi suka san ta.

Baba, kai ne ka ƙi sayar da mai tsada alhali an miƙo hannu za a saya. Kai ne kake duban mai saye kafin ka dubi kaya, har ma ka dubi wanda zai zauna kusa da shi a mota. Mai kunnen da ke jin ciwon ƙarfe, mun gode. Tela ta gode, jikokin Inna sun gode, Bari-In-Gani ma ya gode, ko da yake har yanzu yana cewa salatif ɗin ne bai da ƙarfi. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa hutun nan ya karɓe ka. Ku kuma masu shaguna, na waya da na takalmi da na fenti, ba a ce ku kori ciniki ba. Amma kafin ku naɗe wa mutum kaya, ku tsaya tukun, ku tambaye shi ina za shi, kuma da wa.

Shekaranjiya tela ta lura cewa a duk bangon shagon nan babu hoton Baba ko ɗaya. Ta ɗauko baƙar kyamarar ta tsallaka titi, ta zaunar da shi a bakin ƙofa da lemarsa. Nan take ya ɗaure fuska tamau. Mijinta ya miƙo hannu, ta maƙe kyamarar a ƙirji ta harare shi.

"Tsaya tukun, 'yata," in ji Baba. "Ba shi ya ɗauka. Amma a kawo bahon ruwa a ajiye a bayansa, ni ma ina so a tuna da ni ina dariya."