Kiran Kawu Daga Tsallaken Titi

Wata Alhamis ce a tsakiyar damina, shekarar da na fara rubuta allona da hannuna. Babu karatu ranar, sai Inna ta aike ni da ƙanwata Asabe mu yanko wa awaki ciyawa a bakin gonar Baba. Gidanmu a Suleja yana gefe guda na titin da ya nufi Diko, gonar tana ɗaya gefen, kuma a shekarun nan tifofi ba sa yankewa, suna ta jidar yashi da tsakuwa zuwa Abuja da ake ginawa. Mun cika buhu, muna tsaye a bakin kwalta muna cin gwaiba kafin hanya ta lafa, sai ga Kawu Sale, ƙanen Inna, ya sauka a wancan gefen titi daga motar hayar da ta taso daga garin Gawu Babangida, da damin rake a kafaɗa. Da ya hango mu ya ɗaga murya: "Ke Asabe, zo ki kama mini kaya!"

A gidanmu an hore mu cewa in babba ya yi kira, ko loma ce a hannunka sai ka ajiye ka ruga. Asabe ba ta ma yi famfara ba, kuma abin da aka koya mata ta yi. Da "na'am" a bakinta ta faɗa titi. Na ji ƙarar birki, na shaƙi ƙaurin taya, na runtse ido ina salati. Da na buɗe, tifa ta tsaya a karkace ta tare mini gani. Na durƙusa na leƙa ta ƙarƙashinta, sai na hango ƙafafun Asabe a tsaye a wancan gefe. Allah Ya kiyaye, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Direban, wani mutumin kudu, ya sauko yana ta faɗa da buroka, can kuma ya zauna dirshan a ƙasa ya dafe kai. Kawu kuwa ya yar da damin raken ya rungume Asabe.

Bayan la'asar Baba ya tara mu a zaure. Mun zaci bulala za a ɗauko, sai ya ce yarinya ba ta da laifi, biyayya ta yi. Sannan ya dubi manyan gida ya ce: "Daga yau ba a kiran yaro daga tsallaken titi. Mai nemansa, komai furfurarsa, shi zai tsallaka." Wasu dattawan unguwa sun yi gunaguni, wai ina aka taɓa jin babba ya taka ya je wurin yaro, amma Kawu ne ya fara bin dokar. Inna kuma ta riƙa kai mu bakin hanya da safe, tana nuna mana cewa ko da yake komai namu da dama muke farawa, daga cin tuwo har rubutun allo, a titi hagu ake fara dubawa.

Yau titin ya faɗaɗa, 'yan acaba da masu keke sun cika shi, gonar ta zama gidajen haya na masu aiki a Abuja. Kiran ma ya koma ta waya, sai ka ga yaro yana amsa wa uwarsa a tsakiyar kwalta, ba mai ganin inda yake tsaye. Asabe tana nan unguwar Kurmin Sarki da jikokinta. Kullum aka tashi Islamiyya takan lallaɓa da ciwon gwiwarta ta tsallaka ta kamo hannunsu. In na gan ta, hamdala kawai nake yi.