Zulkifilu da Awakin Mwuese

Zulkifilu mai maganin dabbobi mutumin Lafia ne, ɗan gidan mahauta, amma tun yana saurayi ya ce shi kam jinyar dabba yake so, ba fiɗa ba. Duk ranar kasuwar Assakio zai ɗaure jarkokinsa a bayan babur, ya je ya kafa tebur. Ba shago, ba gona, sunansa ne kaɗai jarinsa.

To, a daminar 2003 sunan nan ya kusa zubewa. Mwuese, wata 'yar ƙabilar Tibi mai kiwon awaki, ta tsaya gaban teburinsa ta ce ruwan alli ya sayar mata, ba maganin tsutsar ciki ba. Awakinta na ta zawo, wasu har sun mutu. Matar nan kuwa akwai murya, ba a magana. Kafin azahar sarkin kasuwa ya kira shi, ya ce ko ya wanke kansa ko ya kwashe teburinsa.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Babban abin haushin ma, daga jarkar nan ya zuba wa Wakili, wani Bafulatani mai tumaki, kuma ga tumakin sun yi ɓul-ɓul. Awo ɗaya ya faɗa wa su biyun, don a ganinsa akuya da tunkiya duk tafiyarsu ɗaya ce.

Bai tsaya rantse-rantse ba. Ya koma Lafia ya sami wata likitar dabbobi, ya zayyana mata komai. Ta ce ai maganinsa lafiya lau yake, awon ne bai kai ba. In an ɗura shi, a tumbi yake zama, daga nan ya riƙa shiga jini sannu a hankali. Jikin tunkiya kan riƙe shi ya daɗe yana aiki. Ita kuwa akuya, uwar gaggawa, nan da nan hantarta take sarrafa shi, ya fice a fitsari da kashi tun tsutsa ba ta ji a jikinta ba. Sai an ƙara mata awo, a kuma hana ta kiwo tun jajibiri don kada ciyawa ta ingiza maganin ya wuce. Kuma ba yanka, ba shan nono, sai ya gama fita daga jikinta.

Kai tsaye ya nufi gidan Mwuese. Da ta ji wai akuya mai zawo za a hana ci, saura kaɗan ta bi shi da muciya. Da ƙyar ta nuna masa wata ramammiyar akuya da ta riga ta fid da rai da ita, ta ce ya ƙarasa ta in ya ga dama. Ya ɗaure ta a gindin mangwaro, tana kuka, Mwuese na zagi. Washegari ya dawo ya ɗura mata sabon awo.

Da kasuwa ta sake ci, ya kafa teburinsa, masu saye sai ratse shi suke. Can sai ga Mwuese ta keto tsakiyar kasuwa da sauran awakinta duka, ramammiyar nan a gaba tana fizgar igiya, zawo ya tsaya. Daɗi ya kama Zulkifilu. Mwuese ta tsaya inda kowa ke ji, har sarkin kasuwa.

"Malam," in ji ta, "tun jiya ba su ci komai ba. Auna musu."