Ƙusoshin Kawu

Jiya ina gyara durowar kicin a gidana na unguwar Balsall Heath a Birmingham, sai na ci karo da ƙusoshi uku ƙulle cikin hankici. Na Kawu ne, yayan mahaifiyata. Nan take na nemi wuri na zauna.

Yana saurayi ya yi aiki da Turawa masu tsara kiɗa, irin waɗanda bayan yaƙin duniya suka ƙosa da kiɗan da aka saba. Shi ke yanka musu tef da reza yana liƙawa. A wurinsu ya koyi cusa ƙusa da roba tsakanin wayoyin piyano. Idan muka toshe kunne, sai ya ce, "Ba hayaniya ba ce, haƙurinku ne gajere."

Shekarar da council, wato hukumar garinsu, ta tsuke bakin aljihu, aka ce za a rufe ɗakin taron unguwarsu Longsight, inda tsohon piyanon da yake kaɗawa yake. Ya kira ni: "Zo ki ɗaukar mini kiɗana a waya kafin su kwashe shi."

Na je. An kashe heating mai ɗumama wurin, ɗakin sai warin danshi. Ya fara kaɗawa, sautin ya fito kamar kiɗan ƙwarya a kan ruwa. Ni kuwa hankalina na kan jirgin ƙasan da zai mai da ni Birmingham. Sai a hanya na ga ashe ban danna komai ba.

Washegari ya bugo waya. "Ya ɗauku?"

"Ya ɗauku, Kawu. Zan kawo maka."

Har ya rasu yana jira.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka makwancinka. Allah ya sa ka yafe mini.